Abdulkabir da Fim ɗin Sani Dami-Dubu

A Gawon Malam, wani ƙauye da ke gefen hanyar Minjibir zuwa Zakirai, mutum ɗaya ne tak aka taɓa gani a fim, shi ma ba dukkansa aka gani ba. Abdulkabir ne, jikan marigayi Sarkin Noma Muhammadu Sani. Shekarun baya ya yi sati uku a Kano yana riƙe wa 'yan fim allon da ake haska fuskar jarumai da shi, kuma a wani wuri kafaɗarsa ta hagu ta shigo hoto. Tun daga nan ya dawo gida da sunan Darakta, sunan da ya raɗa wa kansa ba tare da an yanka ko zakara ba.

Kakan nasa kuwa ba ya buƙatar talla. Shi ne ya ɗaure dami dubu na hatsi a damina ɗaya, zamanin Turawa, har ake ce masa Sani Dami-Dubu, aka kuma naɗa shi Sarkin Noma. Da ya rasu 'ya'yansa suka fi karkata ga tireda, sarautar ta koma wani gida ta daɗe a can. To, da bazarar nan mai riƙe da ita ya rasu bai bar ɗa a gari ba, Dagaci ya ce shi da dattawa za su dubi lamarin idan gero ya shiga rumbu.

A wajen Abdulkabir babu wani abin dubawa. Sarautar gidansu ce, aro aka ba da, abin da ya rage kawai a tuna wa mutane. Matarsa Maimunat ya fara kai wa shawarar, don ita ce ba ta da inda za ta gudu. Ta tambaye shi a hankali ko ba zai fi sauƙi ya yi noman ba, tunda sarautar noma ce. Ya yi mata bayani cikin haƙuri cewa noma kowa yana yi a garin nan, abin da ba kowa ke iyawa ba shi ne tarihi. Zai shirya fim ɗin rayuwar kakansa, shi zai tsara, shi zai ba da umarni, shi zai fito a matsayin kakan. Ranar da dattawa suka ga fuskarsa a jikin Sani Dami-Dubu, magana ta ƙare, gani ya kori ji.

Ta ce, "Baban Tahira, to gonar fa?"

Ya ce, "Gonar ai ita ce lokeshan."

Ba ta san kalmar ba, amma daga yadda ya faɗe ta ta gane ba abin da ake tuƙa tuwo da shi ba ne.

Mai kyamara ya samu a Minjibir, wani magidanci mai tumbi da ake kira Najib, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana ɗaukar bidiyon biki da suna. Najib bai taɓa ɗaukar abin da ba a raba alewa a cikinsa ba, amma ya ce kyamara ba ta san bambanci ba. Mai ba da shawara kan tarihi kuwa ba a neme ta ba, ita ta naɗa kanta. Gwaggo Aina'u ce, autar Sani Dami-Dubu, wadda ta haura saba'in, ido ya fara ragewa amma baki yana nan yadda aka haife ta da shi. Ranar da aka fara gwada kaya ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure.

Abdulkabir ya fito cikin babbar riga mai aska tara da rawani har da kunne biyu, ya riƙe fartanya kamar sandar girma. Gwaggo ta dube shi daga sama har ƙasa, tafiyar da ta ɗauke ta lokaci, don dogo ne. Ta ce ita dai ubanta gajere ne, in ya shiga dawa sai an kira shi ake sanin inda yake. Warki yake ɗaurawa ya tafi gona, rawani kuwa sau ɗaya ta gan shi a kansa, ranar naɗi, kafin la'asar ya kwance ya ce kansa yana ciwo.

Ya ce, "Gwaggo, warki ba ya fitowa a kyamara."

Ta ce, "Hatsi dai ya fito a cikinsa."

Ya bayyana mata cewa akwai gaskiyar tarihi, akwai kuma gaskiyar fim. Ta ce ita guda ɗaya ta sani, amma tunda yanzu komai ya yi arha, ba mamaki ta zama biyu.

Ruwan shuka ya sauka wata Talata da asuba. Kafin rana ta ɗaga duk garin ya watse gona, maza da sungumi a gaba suna sara, na baya suna zuba iri suna takewa. Abdulkabir ya zaga neman waɗanda za su fito a wurin shuka, bai samu ba, saboda duk sun tafi shuka. Najib ma ya kashe waya, ashe shi ma yana da 'yar gonarsa. Maimunat ta ce ya je ya zuba irinsa kafin laima ta tafi, in ya so a ɗauki hoton daga baya. Ya ce ba a yi wa lokeshan haka, dole ƙasa ta zama fili ranar ɗauka. Gonar kuwa ta ba shi haɗin kai. Sati uku ta yi tana fili, ita kaɗai a tsakiyar kore, kamar sanƙo.

Ranar da aka samu Najib, aka samu mutum biyar da suka gama noman firi suna neman abin dariya. Abdulkabir ya shiga gaba da sungumi, rigar tana jan ƙasa. Ɗauka ta farko rawani ya warware. Ta biyu ɗan acaɓa ya ratsa ta baya da buhun taki. Ta uku Najib ya bar mai shuka ya bi fuskokin 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, don a biki duk wanda bai ga kansa ba sai ya yi ƙorafi. Duk sanda aka ce a sake, sai a koma bakin layi ɗaya, saboda nan hasken ya fi kyau. Sau tara aka shuka layin nan. Da Darakta ya gamsu ya ce an tashi, babu wanda ya ga dalilin tuna masa sauran gonar. Kwana biyar layin ya tsiro cunkus kamar gemu a fuskar da ba gashi, masu wucewa kasuwa suna rage tafiya su dube shi.

Maƙwabcin gonarsa wani ne Abdulhadi, mutum mara magana, wanda yawancin mutanen garin sun fi sanin bayansa da fuskarsa, don kullum a duƙe ake wuce shi. Shi ne ya miƙe wata safiya ya ce in an ba shi izini zai tsinke layin ya dasa a wuraren da babu komai, ko a samu na kunu. Abdulkabir ya yi masa godiya ya ce a bar shi haka, akwai abin da ake kira ci gaban hoto, ba lallai manomi ya gane ba. Abdulhadi ya ce haka ne, ya koma ya duƙa.

Sai maganar Bature. Abdulkabir ya tsara cewa Baturen mulki ya taso takanas daga Kano don ya gai da kakansa, ya cire hula ya rusuna. Gwaggo ta ce Bature ɗaya ta san ya taɓa zuwa Gawon Malam, mai yi wa mutane lamba a hannu, kuma ranar ubanta a cikin rumbu ya wuni, sai da magariba aka ɗaga murfi aka miƙa masa fura. Abdulkabir ya ce wannan sirrin gida ne. Ta ce sirrin da duk garin ya taya su nemansa.

Kamaruddeen mai shagon magani aka ba matsayin Baturen, don shi ne mai ɗan haske, kuma yana da tabarau. Aka shafe shi da garin rogo har wuya, aka kifa masa akushi da aka lulluɓe da farin ƙyalle a matsayin hular Turawa, aka ɗora shi a keke. Da aka zo wajen Turanci ya ce shi fa nasa na karatu ne, ba na hira ba. Darakta ya ce ya faɗi duk wanda ya haddace, ba wanda zai bincika. Kamaruddeen ya sauka daga keke, ya rusuna, ya yi Turanci mai tsawo ba gargada, har 'yan kallo suka fara yi masa wani irin kallo na girmamawa. Yana cikin yi hadari ya taso daga gabas. Najib ya ce a tsaya, Darakta ya ce a ci gaba, ruwa albarka ne a fim ɗin noma. Baturen ya fara jawabi fari fat, ya ƙare da zane-zane kamar kanwa ta zubo a bango, kullun rogo yana ɗiga daga haɓarsa. Wata tunkiya ta biyo shi har bakin shago tana lasar wandonsa.

Duk wannan a wajen Abdulkabir share fage ne. Zuciyar fim ɗin ita ce huɗa. Abin da tsofaffi ke tunawa da Sani Dami-Dubu ke nan: in ya kafa garma a bakin gona ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshe, kunyarsa a miƙe kamar an ja zare. Gonar Darakta ba ta da abin da za a yi wa huɗa, don haka aka roƙi Abdulhadi aron gefen tasa, inda dawa ta kai ƙugu ta yi duhu. Aka kira mai gangar noma. Mutane suka taru a kan iyaka fiye da kullum, don labari ya bazu cewa yau Darakta zai taɓa garma.

Ya tofa yawu a tafi yadda ya ga ana yi, ya duƙa. Gwaggo, daga inuwar gawo, ta ce ba haka ba ne, ubanta bahago ne. A duk gyaran da ta yi masa tun farkon damina wannan ne kaɗai ya karɓa, saboda mutane suna ji, kuma yana so a shaida shi mai bin tarihi ne. Ya juya riƙo. Saran farko garma ta kama gefen rigar ta binne. Na biyu ta tsige dawa uku daga tushe, Abdulhadi ya kau da kai kamar wanda ake yi wa ɗansa kaciya. Na uku ta sauka a babban ɗan yatsan ƙafar Sarkin Noma. Mai ganga, da yake ba a ce masa ya tsaya ba, ya ɗauka tsallen da ake yi na cikin shiri ne, ya ƙara wuta. Da Darakta ya zo miƙewa kuma sai ƙugu ya ce bai san zancen ba. A baro aka mai da shi gida, a duƙe, Baturen jiya ya zo ya naɗe masa yatsa.

Gwaggo ta leƙo dubiya ta ce a wannan kam ya yi kama da Baba, shi ma haka ya koma a duƙe, sai dai shi ya ɗauki shekara sittin kafin ya kai nan.

Kwana huɗu yana kwance yana tunani, sai ya tuna wata dabara da ya gani a Kano: in jarumi ba zai iya faɗowa daga mota ba, wani ake sa wa kayansa a ɗauka ta baya. Ya aika aka kira Abdulhadi, ya yi masa bayani a rufe, ya ce aikin ba wuya, baya kawai ake so, fuska tana nan wajen mai ita. Abdulhadi ya ce dama gobe zai yi huɗar, in mai kyamara ba zai taka masa shuka ba ya zo. Da safe Najib ya tafi shi kaɗai da riga da rawani. Abdulhadi ya sa rigar, ya yi taku biyu, ya tuɓe ta ya rataye a reshe, ya ce za ta ɓaci. Rawanin ya naɗe shi a ƙugu ya yi ɗamara. Daga nan ya manta da akwai wani a gonar.

Najib, wanda a rayuwarsa bai taɓa barin kyamara a kan abu ɗaya ya wuce ƙiftawa goma ba, ya tsaya minti goma sha ɗaya bai motsa ba. Da ya kawo wa Darakta ya gani, Darakta ya ce ba laifi, umarnin da ya bayar daga kwance ya yi aiki. Ya ce kada a yanke ko kaɗan, a dai liƙa fuskarsa a ƙarshe yana share gumi. An ɗauki wannan a tsakar gida, da ruwan buta.

Gero ya nuna, aka zo kan dami dubu. Layin gemu ya ba da dami ɗaya da ɗan abin da kaji za su yi sahur. Abdulkabir ya bi gida-gida yana aro, ya tara arba'in da 'yan kai, ya ce sauran aikin kyamara ne: a jera, a ɗauka, a kwashe, a matsa gaba, a sake jerawa. Tun hantsi ake jigila har rana ta karkata. Duk ɗagawa sai zangarniya ta zube, sai kajin unguwa suka ji labari. A jeri na farko kaza biyu ce a hoto. A na ashirin dami ya rame, kaji sun kai sittin, har da zabin Dagaci. Wajen mayarwa kuma aka gane kowane gida da irin ɗaurinsa da girman daminsa, kuma babu wanda ya yarda wannan ramammen shi ne nasa. Sai da liman ya bar alwala ya zo ya raba.

Wurin rasuwar kakan a ɗaki aka ɗauke shi, ba shaida. Gwaggo ta nemi shiga, aka ce mata wurin zai taɓa mata zuciya.

Aka sa ranar nunawa wata Asabar bayan la'asar, a gidan kallon ƙwallo na bakin kasuwa, aka toshe tagogi da buhuna. Dagaci da dattawa suka zauna a bencin gaba, hedimasta a gefensu, sauran gari a baya har waje. Gwaggo Aina'u ta sa aka ajiye mata kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, ta ce ta tsufa da jin kunyar gidan ƙwallo, kuma ubanta ne za a nuna. Abdulkabir, cikin rigar nan mai aska tara, ya yi jawabin da ya fi janareto ƙara. Ya rufe da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, dattawa su kalla da idon basira.

Suka kuwa kalla da idon da suke da shi, na manoma. Fim ya buɗe da furanni suna juyawa, lambar wayar Najib tana tafiya a ƙasa, tare da sanarwar ana ɗaukar biki da suna cikin rahusa. Sani Dami-Dubu ya bayyana yana shuka, geron maƙwabta a bayansa ya kai gwiwa, ƙarfen sabis yana leƙowa ta saman rawaninsa. Wani dattijo ya tambaya a hankali ko marigayi makara yake yi haka, na kusa da shi ya ce a'a, wannan ai sabon shiga ne, dubi yadda yake tsallake rami. Da Bature ya fara jawabi hedimasta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Dagaci ya ce ya fassara wa jama'a. Hedimasta ya share ido ya ce, ranka ya daɗe, Baturen yana shaida wa Sarkin Noma ne cewa a sha biyu da safe biyu da yamma bayan cin abinci, a ajiye a wuri mai sanyi inda yara ba za su kai ba, in ciwo ya ci gaba a ga likita. Dagaci ya gyaɗa kai ya ce shawara ce mai kyau, Turawan da ba su da ha'inci.

A wurin dami dubu babu wanda ya dubi mai damin. Kowa nasa yake nema. Akwai wani dami da aka ɗaure da shuɗiyar igiyar leda, duk sanda ya sake fitowa sai 'yan baya su gaishe shi. Mai shi ya ce bai san yana da arziki haka ba, a taimaka a nuna masa inda aka kai sauran.

Daga nan, ba zato, sai ga Sarkin Noma a kwance yana wasiyya, alhali fim bai kai rabi ba. Abdulkabir ya waiwaya ya harari Najib, Najib ya raɗa masa cewa katin kyamara biyu ne, kuma kamarsu ɗaya. A allo marigayi ya ɗaga yatsa ya ce bayansa za a haifi wani jika, dogo, mai ilimin zamani, a hannunsa sarautar noma za ta dawo gida. Ya faɗa sau biyu saboda na baya. Ya rufe ido, furanni suka sake buɗewa, rubutu ya fito yana yi wa ango da amarya fatan zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Daga bakin ƙofa Gwaggo ta ce, "Ni ina wurin. Barcin rana ya kwanta bai tashi ba. Maganarsa ta ƙarshe cewa ya yi a ɗaure akuyar nan."

Dariyar ba ta gama kwantawa ba sai ga mamacin a gona, da ransa, a duƙe. Gwaggo ta ce da haka aka yi da sun ji daɗi.

Amma dariyar ta tsaya a nan. Babu kiɗa a wurin, Najib ya manta bai sa ba, sai ƙarar garma tana shiga ƙasa tana fita, da numfashin mutum. Baya ne kawai, baƙi, gumi yana bin tsakiyarsa, ƙasa tana kifewa dama da hagu, kunya tana miƙewa a bayansa kamar an ja zare, ba a taɓa ganyen dawa ko ɗaya ba. Ya kai ƙarshe bai ɗago ba, ya juyo da wata. Dattawan da tun ɗazu suke taunar goro suka daina. Gwaggo ma ta kai gefen mayafi ido. Da aka zo inda fuskar Abdulkabir ta fito tana share ruwan buta, Dagaci ya ɗaga hannu ya ce a mayar baya. Aka mayar. Aka sake kallon minti goma sha ɗaya cur, ba wanda ya yi tari.

Wani tsoho da ya yi gayya da marigayi yana saurayi ya ce rabonsa da ganin huɗa irin wannan tun ranar da aka binne Sani. Abdulkabir ya ji wani sanyi ya ratsa shi har yatsan da ya warke. Ya miƙe ya ce ai jini ba ya ɓuya, shi kansa da yake yi ji ya yi kamar ba shi ba ne.

Dagaci ya ce, "Zo mu gaisa, Darakta."

Ya matso ya durƙusa ya miƙa hannu biyu. Dagaci ya kama na daman ya riƙe, bai saki ba. Ya juya tafin sama, ya shafa shi da babban yatsa a hankali, yadda ake taɓa atamfa a kasuwa. Sai ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya shafa ya miƙa gaba. Haka hannun Darakta ya bi bencin gaba kaf, shi yana biye da shi a kan gwiwa. Tsohon da ya yi gayya da marigayi ne na ƙarshe, ya daɗe yana shafawa, ya ce masha Allah, ko jikarsa da aka yi wa lalle makon jiya ba ta kai wannan ba.

Babu wanda ya ce ƙarya aka yi. Ba a ma ɗaga murya ba. Wani dai ya ce gawon da ke cikin hoton, mai reshe ɗaya a karye, ya san gonar da yake. Wani ya ce shi bayan ya sani, shekara ashirin yana wuce shi duk safiya, bai taɓa tsayawa ya duba ba sai yau da aka sa shi a allo. Aka waiwaya neman Abdulhadi, aka ce bai zo ba, yana cirar gyaɗa, ya ce yana tsoron ruwan ƙarshe ya sa ta tsiro.

Dattawa suka haɗa kai, maganar ba ta kai tsawon shan fura ba. Dagaci ya gyara zama ya ce wata biyar ke nan suna juya sunaye kan sarautar noma shi da mutanen nan ba su daidaita ba, kowa da nasa, Abdulhadi kuwa ko sau ɗaya bai zo bakin kowa ba, don ba ya zuwa fada, ba ya zama a dandali.

Ya ce, "Kai ka nuna mana shi, Darakta. Allah ya yi maka albarka. Fim ɗin nan ya yi amfani."

Abdulkabir ya buɗe baki. Da ƙyar ya ce ai dama aikin darakta ke nan, gano masu basira. Dagaci ya ce to tunda shi ya gano shi, shi ya fi cancanta ya je ya kira shi, dattawa suna jira.

Ya fita ta gaban Gwaggo, ta matsar da ƙafa ta ba shi hanya, ta ce ya tattare rigar, akwai ƙaya a hanyar. Ya bi ta bayan kasuwa ya miƙe gonaki, rana ta yi ja, mutane kaɗan suna biye da shi daga nesa don kada a ba su labari. Can ya hango bayan, a duƙe cikin gyaɗa, yana tafiya a hankali. Ya tsaya a kan iyaka ya yi sallama. Abdulhadi ya amsa bai ɗago ba, ya karkaɗe ƙasar da ke jikin wadda ya ciro, ya ajiye ta a layi. Ta ƙarƙashin hammata ya hango babbar riga, ya gane mai ita.

Ya ce, "Malam Kabiru, za a sake ɗauka ne?"

Abdulkabir ya dubi bayan nan.

Ya ce, "A'a. Waccan ta yi."